Tuskani ko Karkarar Cape Town: Ina Ya Fi Dacewa da Iyalin da Ba Su Shan Giya?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce ke da Alhaji kuna son ku kai yara huɗu hutu karkara inda ake noman inabi, ku kwana a gona, ku ci abincin mutanen wurin, kuma kun rasa wanda za ku zaɓa tsakanin Tuskani ta Italiya da garuruwan inabi da ke bayan Cape Town a Afirka ta Kudu. Damuwarki ita ce ba ruwanku da giya, kada ku je ku rasa abin yi da abin ci. A ganina Afirka ta Kudu za ku nufa, sai fa idan hutun Agusta kaɗai yaran suke da shi.

Na fara da lokaci ne don shi ke raba gardama. Yanayin wuraren biyu a juye yake. A Disamba Cape na tsakiyar bazara, kurangar inabi ta yi kore shar, 'ya'yan sun fara nauyi, ana soma tsinka daga ƙarshen Janairu har zuwa Maris. A wannan watan kuwa Tuskani sanyi ne da hazo, rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar, gidajen gona da yawa sun rufe sai an kusa Ista. Agusta akasin haka ne: Cape ruwan sama da sanyi, kurangar ba ko ganye, Tuskani kuma zafi da cunkoso da tsada, musamman wajen 15 ga wata da Italiyawa kansu ke fita hutu. Daɗin Tuskani na gaskiya Satumba ne da Oktoba, lokacin tsinkar inabi, sai zaitun ya biyo baya zuwa Nuwamba. To a lokacin yaranki suna aji.

Kan kwanan gona, gaskiya Italiya ta fi. Abin da suke kira agriturismo doka ce ta tsara shi tun 1985, aka sabunta ta a 2006, kuma sharaɗinta shi ne noma ya zama ainihin sana'ar gidan, saukar baƙi ta biyo baya, abincin da za a ba baƙo kuma mafi yawansa ya fito daga gonar ko daga maƙwabta. Gidajen dutsen nan da ke kan tuddai tsakanin Fulorans da Siyena a da na manoma ne masu noman raba-daidai da mai ƙasa. Da suka watse zuwa birane a shekarun 1950 da 1960, gidajen suka zama kufai, wannan tsarin ne ya sake raya su. Shi ya sa za ki tarar mai gidan da ya ba ki makulli shi ne da asuba yake kan tarakta, matarsa ko uwarsa ce ke murza taliya da hannu a kicin, yara kuma za su iya binsa su ɗebo ƙwai, su ga yadda ake tatsar tumaki a gonakin wajen Pienza inda ake yin cukun pecorino. Manyan gonakin Cape irin su Boschendal, da aka kafa a 1685, da Babylonstoren ta 1692, sun fi kama da otal mai lambu: tsaf-tsaf, ma'aikata ko'ina, ga jakuna da agwagi da filin da yara za su yi ta gudu. Suna da kyau ƙwarai, amma ba za ki zauna hira da manomin ba. Idan wannan kike so, sai ki nemi ƙananan gidajen gona masu kicin a wajen Tulbagh ko Robertson, sun kuma fi sauƙin kuɗi.

Abinci ne ya sa na karkata. A Tuskani alade ya shiga ko'ina. Farantin farko da za a ajiye miki yankakken naman alade ne kala-kala, miyar taliyar da suke alfahari da ita ta aladen daji ce, kuma ko naman sa ne, sau da yawa da jar giya ake dafa shi. Har miyar wake sai kin tambaya, don wasu da kitsen alade suke fara suyar albasa. Naman shanunsu na Chianina ya yi suna, amma ba yankanmu ba ne. Ba wai za ku kwana da yunwa ba. Ribollita, wato faten wake da kabeji da kwanannen burodi, tana da daɗi da riƙe ciki. Akwai pappa al pomodoro na tumatir da burodi, da pici, taliya mai kauri da miyar tafarnuwa, ga cuku da zuma da man zaitun sabon matsa mai ɗan yaji a maƙogwaro. Burodinsu ba gishiri, yara za su yi ƙorafi ranar farko. Sai dai kowane cin abinci sai an yi tambaya, cikin yaren da ba ku ji, nama kuma sai kun shiga gari wajen mahautan 'yan Maroko ko 'yan Pakistan kun sayo kun dafa da kanku. Ke da kika fita don ki huta, za ki sake komawa bakin murhu.

A Cape kuwa Musulunci ɗan gida ne. An kawo Shehu Yusuf, malami daga Makassar ta Indonesiya, gudun hijirar dole a 1694, Turawan Holan suka ajiye shi a gonar Zandvliet, ƙabarinsa na nan a wurin da ake kira Macassar a Cape, ba nisa da Stellenbosch, ɗaya daga cikin garuruwan inabin. Masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap a Cape Town tun 1794 yake. Bayin da aka kwaso daga tsibiran Indonesiya da Indiya da Madagaskar su ne suka yi aikin gonakin nan, su ne kuma suka riƙe kicin ɗin, don haka abincin da ake kira na gargajiya a yankin da yawansa girkin Musulmi ne: bobotie, niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi da aka gasa da ƙwai da madara a samansa, a ci da shinkafa mai kurkum da busasshen inabi, bredie, farfesun rago da tumatir, koesister, soyayyen fulawa mai kirfa da citta da ake tsomawa a ruwan sukari a barbaɗa kwakwa, na safiyar Lahadi. Manyan kantuna suna sayar da kaji da nama masu tambarin halal na hukumomin Musulmi masu tantancewa, SANHA ko MJC, sai ki saya Alhaji ya hura gawayi a murhun gashin da kusan kowane gidan haya yake da shi. Akwai masallaci a Stellenbosch da Paarl, Juma'a ba za ta wuce shi ba. A Tuskani sai ya tuƙa zuwa Colle di Val d'Elsa ko Fulorans.

Amma kada ki ɗauka ɗakunan cin abinci na cikin gonakin inabin halal ne. Yawancinsu ba haka ba, kuma giya na kan kowane tebur, a ƙasashen biyu. Kin san hanin da ya zo kan zama a teburin da ake shan ta. A Italiya gidajen gona da yawa tebur guda suke haɗa baƙi duka da dare, don haka ki faɗa tun kafin ku je cewa naku daban kuke so. Idan kwana a gonar da ke sarrafa giya ma bai kwanta muku ba, ku zaɓi ta zaitun, ta tumaki ko ta 'ya'yan itace, duk suna cikin kwarin guda, idonku zai ga abin da kuka je gani.

Ina roƙonki, idan kun je Cape, ki gaya wa yaran cewa bayi ne suka gina fararen gidajen gonakin nan masu kyau. An soke bauta a 1834, amma biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya ya daɗe bayan haka, ko da aka haramta shi a 1960 bai mutu nan take ba, kuma illarsa na nan a jikin iyalan ma'aikatan gona har yau. Yaro ɗan shekara goma zai fahimta.

Mota dole ce a duka biyun. Italiya hannun dama ake bi kamar gida, amma hanyoyin gona ƙanana ne na tsakuwa, kuma tsakiyar tsofaffin garuruwa akwai alamar ZTL, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci, wanda ya shiga kyamara ta ɗauke shi, tara ta biyo shi bayan watanni. Afirka ta Kudu hannun hagu ne, sai Alhaji ya natsu a ranar farko, titunan dai masu kyau ne, Stellenbosch kuma ba ta kai awa guda daga filin jirgin Cape Town ba. Wajen tsaro Tuskani ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. A Cape kada ku yi tafiyar dare, kada ku tsaya a gefen babbar hanyar N2, kada a bar jaka a kujerar mota.

Biza kuwa ko'ina sai kun nema idan fasfon Najeriya ne, kuma ku shida ne, a fara da wuri. Kuɗin masauki da na cefane ya fi sauƙi da rand a kan yuro, sai dai tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu su ma 'yan ƙasar suna hutu, gidaje masu ɗaki uku da kicin su ke fara ƙarewa. Ki kama naku tun Satumba, kuma kafin ki biya ki tambaya ko wurin ninkayar gidan yana da shinge, saboda ƙaramin.