Kafin ka sayi jirgi maras matuƙi a Saudiyya: wanne zai jure zafi da iska, kuma a ina za ka tashe shi?

Wata Juma'a bayan la'asar ɗan yayata ya taso daga Makka ya same ni a Jidda, ko ruwa bai sha ba ya miƙo mini waya. Hotuna ne na ƙananan jiragen nan masu kyamara, waɗanda wasu ke kira kurman jirgi, samari kuma suke ce wa diron. Ya tara riyal dubu uku daga gyaran waya, yana so in zaɓar masa ɗaya.

"Kawu, wanne ya fi kyan hoto?"

Na ce, "Ɗana, a ina za ka tashe shi?"

Wai a saman gidansu da ke Hindawiyya. Daga can hasumiyar agogo tana fitowa ras, in ya ƙara sama kaɗan ma har Harami zai ɗauko. Na ce ya ajiye wayar ya sha shayi tukuna.

A ƙasar nan wurin tashi ake fara samu, sannan a sayi jirgi. Hotunan Harami da kake gani daga sama, hukumomi ne da masu izini na musamman suke ɗaukarsu, ba wani ne ya hau rufin gidansu ba. Kuma ba tsanani ba ne kawai. A watan Afrilun 2018 jami'an tsaro suka harbo wani ƙaramin jirgin wasa a unguwar Huzama da ke Riyad, kusa da fadar sarki, washegari aka ce duk mai son tashi sai ya nemi izini. A farkon 2019 hukumar kula da sufurin jiragen sama, GACA, ta buɗe hanyar yin rajista da neman tasarihi, wato takardar izini, ta intanet. A watan Satumban wannan shekarar aka kai hari kan matatar mai ta Abƙaiƙ da jirage marasa matuƙi. Askarin da ya ji ƙugi a sama ba shi da lokacin tantance ko naka na ɗaukar hoton biki ne. Makwabta ma haka: Daular Larabawa ta dakatar da tashin masu sha'awa gaba ɗaya a Janairun 2022 bayan harin da aka kai Abu Dabi.

Jidda kuwa nata ciwon daban. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana arewacin gari, kuma duk mazaunin Jidda ya saba ganin jirage suna ratsa saman unguwanni suna neman sauka. Obhur, inda kowa ke sha'awar ɗaukar hoton teku, a gefen filin take. Abin da bai kai nauyin kofin shayi biyu ba yana iya tsayar da filin jirgi: a Disambar 2018 rahoton ganin irin waɗannan jirage ya sa aka soke tashi da sauka kusan dubu ɗaya a filin Gatwik na Ingila. Saboda haka ƙa'idojin suke kamar yadda suke: kada ka wuce ƙafa 400, wato kusan mita 120, kada jirgin ya ɓace wa idonka, kada ka bi ta kan taron jama'a. Mai son ya riƙa karɓar kuɗin aiki da shi kuwa, wannan wani babi ne, sai da takardar shaidar tuƙi. Ka shiga shafin hukumar GACA ka karanta sharuɗɗan da ke aiki a ranar da za ka saya, igamarka, wato katin izinin zamanka, a hannu, kada ka dogara da "wane ya ce".

To, yanzu jiragen.

Na ƙasa duka su ne na riyal ɗari biyu ko uku da ake jerawa tare da motocin wasan yara, kwalinsu cike da alkawari. Irinsa na fara saya shekarun baya, tun ba a fara maganar rajista ba. Muka fita bayan gari da abokina, muka shimfiɗa darduma, na tashe shi. Minti biyu yana mini biyayya. Da ya ɗan yi sama iskar arewa ta same shi, na danna sanda gaba iya ƙarfina, shi kuwa baya yake yi. Ya koma kamar tattabara, ya koma kamar ƙuda, ya ɓace. Muka yi yawo a rairayi har magariba, takalmina ɗaya ya tsinke, ba mu ga ko farfela ba. Ba shi da GPS, bai san inda yake ba balle ya san hanyar gida. Araha ba ta ado. In don yaro ya yi wasa a tsakar gida ne, to. In hoto kake so, wuce.

Daga nan sai a shiga gidan DJI, kamfanin birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda shi ya mamaye kasuwar. Farashin da zan faɗa na ranar fitowarsu ne a Amurka, na juya shi a kan riyal 3.75 kowace dala. A nan sai ka ɗora harajin kashi 15 da ribar mai shago.

Neo shi ne ƙaraminsu, giram 135, ya fito a 2024 a kan dala 199, kusan riyal 750. Daga tafin hannu yake tashi, ya bi ka yana ɗauka, farfelarsa a rufe. Abin sha'awa ne ga mai yin gajerun bidiyo na kansa. Amma minti 18 ne a takarda, iskar da yake jurewa ba ta wuce mita 8 a daƙiƙa ba, kuma iskar yammacin Jidda ba ta karanta takarda. Ni abin wasa mai hankali na ɗauke shi.

Mini 4K, dala 299, kusan riyal 1,120, shi ne wanda na fi yawan nuna wa mai koyo. Bai kai giram 249 ba, yana da GPS, in sadarwa ta yanke yana komowa inda ya tashi, kyamararsa tana zaune a kan maƙali mai daidaita ta ta fuska uku, shi ya sa bidiyon ba ya rawa. Minti 31 aka rubuta. Abin da ya rasa shi ne idanun ganin cikas a gaba da baya: in ka nufi bishiyar dabino da shi, zai shiga ba sallama. Wasu na ganin wannan aibi ne. Ni ina ganin makaranta ce, domin wanda ya koyi tuƙi da jirgi makaho idonsa ba ya barin sama, kuma in ya faɗi asarar ba ta hana barci. Yayansa Mini 3 ya ɗan fi shi daɗewa a sama, minti 38, kyamararsa tana juyawa tsaye don bidiyon waya, hotonsa ya fi kyau da almuru. Idan bambancin kuɗin bai yi yawa ba a shagon da ka shiga, shi za ka ɗauka.

Mini 4 Pro, dala 759, wajen riyal 2,850, shi ne wanda idon yaron nan yake kai. Gaskiya jirgi ne mai kyau: yana gani ta kowane ɓangare, yana bin mota ko mutum da kansa, minti 34. Sai dai nauyinsa ɗaya da ƙannensa Mini 4K da Mini 3, iskar da suke jurewa ma ɗaya ce, mita 10.7 a daƙiƙa. Ka biya kuɗin ido da kyamara, ba ka biya kuɗin ƙarfi ba. Ga kuma wani abu da masu shago ba su cika faɗa ba: in ka sa masa babban batir mai minti 45, ya haura giram 249 ke nan. Wannan lamba ta 249 ba ado ba ce, ƙasashe da yawa daga giram 250 suke fara wajabta rajista. Amma kada sauƙin nauyi ya rufe maka ido. Wurin da aka hana tashi an hana, ko jirginka bai fi ƙwan kaza nauyi ba.

Wanda zai riƙa hawa Ɗa'if, ya tsaya a bakin tsaunin Hada ko Shafa, ko ya tafi Abha, shi ne ya kamata ya dubi Air 3S. Giram 724, minti 45, kyamara biyu, dala 1,099, fiye da riyal 4,000. A takarda bambancin iskarsa da na Mini kaɗan ne, 12 da 10.7. A sama ba kaɗan ba ne. A can tudu iska ba ta da kauri, farfela tana ƙara wahala, guguwa kuma tana tasowa daga kwari ba sanarwa. Ƙarami sai ya yi ta kokawa yana shan batir, mai nauyi ya tsaya cak. Mavic 3 Pro da ire-irensa na masu sana'a ne, kuɗinsa ya ninka wannan. Masu tabarau irin Avata kuwa wata duniya ce, kana gani ta idon jirgi ba ka ganin jirgin, sai da mai tsaya maka. Ba nan ake farawa ba.

Abin da ya haɗa su duka, babba da ƙarami, shi ne zafi. Dukkansu iyakar da aka rubuta musu digiri 40 ne. Makka ta kai 51.8 a lokacin aikin Hajjin 2024. Ma'ana da rani lokacin tashinka bayan asuba ne ko dab da magariba, duk tsadar abin da ka saya. Na taɓa manta batir biyu a aljihun mota wata ranar Yuli, daga hantsi zuwa la'asar. Da na ciro su sun kumbura kamar fanke, ɗaya har ya ƙi shiga gurbinsa. Laifina ne, kuma Allah ya kiyaye ba su kama da wuta ba. Batir da ya kumbura ba a lallaɓa shi, an gama da shi. Don haka mintunan da ke jikin kwali ka rage musu kusan kashi ɗaya cikin huɗu a lissafinka, ka sayi kunshin mai batir uku in da hali. Jirgi mai araha da batir uku ya fi mai tsada da batir ɗaya amfani.

Rimot ma abin dubawa ne. Akwai wanda ake maƙala wa waya, akwai mai allonsa. A ranar ƙasar nan waya tana zafi ta rage haskenta da kanta, ka bar ganin komai jirgi yana sama. Mai allo ya fi tsada amma ya raba ka da wannan, da kuma kiran da zai shigo ana tsakiyar tashi. Sai ɗan faifan sauka na riyal kaɗan, ko darduma ma ta isa: injinan suna da maganaɗisu, rairayi in ya shiga sai ka ji suna ƙara kamar ana niƙa. Rufin siminti mai rodi kuma yana rikita kamfas ɗin jirgi, wani dalilin ke nan da na ba yaron na barin saman gidansu. Dalili na uku makwabta. Kyamara a saman gidajen mutane, inda mata ke shanya, fitina ce, kuma dokar laifukan intanet ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da kyamara.

Sabo ko na hannu? Na hannu yana da sauƙi, amma ka sa mai shi ya cire jirgin daga asusunsa a gabanka, ka duba sau nawa aka yi cajin kowane batir, ka ɗora shi a tebur ka ga ko yana zama daidai, ka kalli kyamarar tana motsi ba gargada. Ka riƙe rasiti da lambar jikin jirgi, za a nema. Aiko wa ɗan'uwa ya taho maka da shi daga waje a jaka kuwa, kana iya jefa shi cikin matsala da kwastan a banza. Saye a cikin ƙasa ya fi kwanciyar hankali. Kada kuma ka ce ai jirgin da kansa zai ƙi tashi a wurin da aka hana. Kamfanin ya sassauta wannan kulle a Turai da Amurka, ya mai da shi gargaɗi kawai, alhakin yana wuyan mai riƙe da rimot.

Yaron ya yi shiru yana juya kofi, ya ce, "Kawu, ke nan Mini 4 Pro ɗin fa?"

Na ce kuɗinsa zai cinye dubu ukun duka ya bar shi da batir ɗaya. Muka tsaya a kan Mini 4K mai batir uku, ragowar ya ajiye don man mota zuwa bayan gari. Amma ba mu je shago a ranar ba. Na jawo kwamfuta, ya ciro igamarsa, muka buɗe shafin hukumar.