Littafin kunkurun da na sayo wa ƙanwata, ni na riga ta karantawa

Toh bari in fara da mai sayarwar tukunna don abun ya tsaya min a rai. Wata ce mai saida littattafan turanci a Instagram, na tura mata kuɗi ran Litinin tace Alhamis zai iso, bai zo ba sai wata Talatar, kuma kuɗin aike ya kusa kamo kuɗin littafin kanshi, direban ma sai da na bi shi har tasha ina kira yana cewa "gani nan Hajiya" alhali ko kwanar garin bai shigo ba. Na yage leda naga takardar irin shara-sharan nan ce da kana hango rubutun bayanta, wasu shafuka a tsakiya tawada ta dushe sai ka kai kusa da fitila. Bugun bayan fage ne, ko makaho ya shafa ya sani. Na mata magana tace haka suka zo. Shikenan, ba zan ƙara saya a wurinta ba.

Littafin shine Turtles All the Way Down na John Green, ya fito a Oktoban 2017. Abunda yasa na neme shi kuwa autar gidanmu ce, shekarunta 16. Yarinyar nan in ta shiga alwala sai ta ƙarar da buta uku, ta wanke hannu ta dawo ta sake wai bata tabbata ruwa ya taɓa gwiwar hannu ba, ta tayar da kabbara ta yanke ta sake tayarwa har mu mu idar mu yi addu'a tana nan tsaye tana niyya. Bayan hannunta duk ya tsattsage saboda sabulu. Umma kullum "waswasi ne, ki yi a'uziyya ki wuce", kuma gaskiyar Umma ne, haka malamai suke cewa kar a biye wa kokwanto, ita ma yarinyar ta san hakan sarai, ta fi mu sanin hukuncin ma, amma sanin bai hana ta komawa famfo ba. Ni kuma Allah Ya yafe min tsawa nake mata, ina cewa iyayi ne. Wata ƙawata nas ce tace min abun nan yana da suna a asibiti, OCD, wato ciwon waswasi mai sa mutum ya yi ta maimaita abu, ta kuma ce in nemi littafin nan.

Labarin wata yarinya ce Aza Holmes a garin Indianapolis na Amurka, ita ma shekarunta 16, ita ke bada labarin da bakinta. Nata waswasin ba na tsarki bane, na ƙwayoyin cuta ne, musamman wata cutar hanji da ake kira C. diff da ta ƙwallafa rai cewa ta kama ta. Tana da wani kanta a ɗan yatsanta na tsakiya, sai ta sa farcen babban yatsa ta danna har ya fashe, ta matse, ta zuba sanitaiza, ta manna filasta, can an jima tunani ya dawo, anya kin canza filastan? kin tabbata? sai ta sake ɓarewa ta duba. Wallahi a nan na ajiye littafin na yi shiru, don buta uku na gani a gabana. Yanda marubucin ya rubuta wurin shine ƙarfin littafin gaba ɗaya, jimla ta yi ta tafiya ba numfashi, murya biyu suna jayayya a kai ɗaya, ɗaya na cewa bari ɗaya na cewa duba sau ɗaya kawai, kuma kana karantawa ka san wacce zata ci. Akwai inda tana kwance a asibiti bayan haɗarin mota ta kai ga shan sanitaizan ma, tana sane ba daidai bane tana sha. Wurin nan ban so karanta shi da daddare ba.

Shi John Green ɗin ciwon nashi ne, ba a littafi ya karanto ba. An haife shi 1977 a Indianapolis ɗin, ya taso a Florida, da ya gama kwalejin Kenyon ya yi wasu watanni yana aikin ba marasa lafiya baki a wani asibitin yara, lokacin yana da niyyar zama limamin coci, daga baya ya fasa ya koma rubutu. Littafinshi na farko Looking for Alaska ya fito 2005 ya ci kyautar Printz ta littattafan matasa a Amurka, sai The Fault in Our Stars a 2012 da ya sa duniya ta san shi har aka yi fim ɗinshi. Daga nan shiru shekara biyar ba sabon littafi. Shi da kanshi ya faɗa a bainar jama'a cewa a tsakanin nan ya taɓa daina shan maganinshi wai ko basira zata dawo, sai jikin ya rikice mishi sosai, rubutun ma ya gagara. Wannan ya burge ni, don mu ma nan akwai masu ganin ɗan taɓin ƙwaƙwalwa shi ke kawo fasaha, mutumin nan yace shi dai a wurinshi ƙarya ne, sai da ya samu sauƙi ya iya rubutu. 'Yan makaranta da yawa ma sun san fuskarshi a Crash Course, shirin darussa na YouTube da suka kafa shi da ƙaninshi Hank, ba tare da sun san marubuci bane.

Inda littafin ya gaza min kuwa, labarin attajirin nan ne. Wai wani biloniya Russell Pickett ya gudu ana nemanshi, an sa ladan dala 100,000, sai ƙawar Aza mai suna Daisy ta ja ta su je nema tunda Aza ta san ɗanshi Davis tun suna yara. Kuma mutumin wai ya bar wasiyyar dukiyarshi ga wata dabba mai kama da ƙadangare da ake kira tuwatara, 'ya'yanshi ko oho. Ni dai duk wannan ji nayi kaman an ɗora shi ne don a samu abun rubutawa a bayan bango, in ka saya don labarin bincike ka yi asarar kuɗinka. Sannan yaran suna magana kaman farfesoshi, ɗan sakandare yana ta falsafa a kan taurari, haba.

Daisy ce ta fi min kowa. Ita ce ta gaji ta faɗa wa Aza gaskiya cewa zama da ita akwai wahala, bata san komai game da rayuwar ƙawarta ba saboda kullum tana cikin kanta. Na ji haushinta na kuma gane ta, don nima na sha faɗan irin haka a raina. Ita ce kuma ta kawo labarin kunkurun da aka sa wa littafin suna, wai duniya a bayan kunkuru take, shi kuma a kan wani kunkurun, haka har ƙasa ba iyaka. Sai na tuna kakarmu da take cewa a kan ƙahon bijimin sa take.

Iyaye ku sani akwai soyayya da sumbata da 'yan ashar jefi-jefi, rayuwarsu ce ta can, shi yasa na fara karantawa kafin in miƙa. Turancin bai da tsauri, ɗan SS2 mai ɗan ƙoƙari zai bi shi, shafi bai kai 300 ba. An yi fim ɗinshi a 2024 amma ban kalla ba. Kuma kar wanda ya ɗauka magani ne, Aza kanta tana ganin likitarta Dakta Singh, tana wasa da shan ƙwayoyinta, tana shan wuyar hakan.

Da na ba auta ta karɓa ba ko godiya, kwana biyu bata ce komai ba. Ran na uku ina yanka alayyahu ta zo ta tsaya bakin kicin tace "Yaya, ita Azan ta warke a ƙarshe?" Nace ki karanta mana. Tace "ni dai ki faɗa min." Nace ta samu sauƙi, yana tafiya yana dawowa, amma ta yi rayuwarta. Ta ɗan yi jim tace toh in Umma ta yarda zata je ganin likitan da ƙawata ta faɗa, amma kar a gaya wa su Anti don kar a fara cewa an kai ta asibitin mahaukata. Umma ta yarda, da sharaɗin ba za a bar addu'a ba, wanda dama ba wanda yace a bari. Laraba zamu je. Littafin kuwa tun a babi na goma bangon ya rabu da jikinshi, yanzu da kyauron ɗaure kuɗi ta ɗaure shi.