Tayar Kwalta da Jeji: Abin Dubawa Kafin Ka Sake wa Kat-kat Ɗinka Takalma

A kakar bara ina dawowa daga wata kasuwar ƙauye a arewacin Mayahi, buhunan wake a bayan Hilux, sai na kauce wa amalanken shanu na ɗan hau gefen gona. Ban ji ƙarar komai ba, sitiyari ne kawai ya fara ja na dama. Da na sauka na tarar da kututturen sabara da aka sare da gatari, bakinsa kamar tsinin mashi, ya tsaga gefen tayar gaba wajen tsawon yatsa. Tayar nan ba ta cika wata uku a ƙafa ba, zanenta na nan kamar ranar da ta baro shago. Washegari na kai wa mai facin unguwarmu. Ya juya ta, ya tura babban yatsa cikin tsagar, ya ce, "Alhaji, gefe ba ya ɗaukar faci. Wannan sai dai a raba ta biyu a yi wa awaki mazubin ruwa."

Yawancinmu da ido muke sayen taya. Mu tsaya gaban shago, mu ga mai manyan haƙora, mu ce wannan ita ce ta jeji. To amma a ƙasar Maraɗi ba kasafai motar da ke shiga ƙauye take cinye zanen tayarta har ya ƙare ba. Kafin a kai nan, ko dai kututture da ƙayar aduwa sun huda gefe, ko zafin kwalta a watan Afrilu ya haɗu da lodi ya fasa ta, ko kuma dama tsohuwa aka sayar maka. Don haka abin da ke rubuce a gefen taya ya fi zanen da ke samanta muhimmanci.

Iri uku ne ake kawowa na kat-kat, wato manyan motoci masu ja da ƙafa huɗu irin su Hilux, Prado, Land Cruiser da Pajero. Mai alamar H/T ta kwalta ce: zanenta ƙanana, ba ta da ƙugi, ba ta shan mai, tana kama birki sosai idan ruwa ya sauka. Mai M/T ta laka ce, haƙoranta manya da faɗin rami a tsakani don taɓo ya riƙa fita. A/T kuwa ita ce ta tsakiya, wadda aka yi don kwalta da turɓaya duka.

M/T ita ce mai ɗaukar ido, ita ce kuma na fi hana mutane saye. Ƙasarmu jigawa ce. Laka sai a fadamun Gulbi, wajen Madarunfa da Tibiri, ita ma daga Yuni zuwa Satumba. A cikin rairayi manyan haƙora tono suke yi: kana ƙara wuta, mota na ƙara nutsewa har ta zauna da ciki. A kwalta kuma ga ƙugi kamar injin niƙa, ga shan mai, ga saurin lalacewa. In ba aikinka ne shiga fadama da damina ba, bar ta a shago.

H/T kuwa bai kamata a rena ta ba. Wanda tafiyarsa duk Maraɗi zuwa Yamai ce, ko Damagaram, ko Ɗan Isa ya tsallaka Katsina, wanda ba ya barin kwalta sai zuwa biki ƙauye sau biyu a shekara, ba shi da dalilin biyan kuɗin A/T. Ka zauna ka tuna tafiye-tafiyenka na wata ukun da suka wuce, ba waɗanda kake mafarkin yi ba. Idan a cikin kowace tafiya goma, biyu ko uku suna kai ka kan marmara da turbar amalanke, A/T ta kama ka.

Sai dai A/T ɗin ma ba ɗaya ba ce, kuma a nan ne na yi asarar da na faɗa. Akwai mai laushi, wadda zanenta ne kawai na jeji amma jikinta na ƙaramar mota ne. Akwai kuma wadda aka gina da jikin motar ɗaukar kaya, za ka ga LT a gaban lambar girmanta, ko C a ƙarshenta. Ka sa a sauko maka da su biyun, girma ɗaya, ka ɗaga kowace, ka matsa gefenta da gwiwa. Mai LT za ta fi nauyi a hannu, gefenta kuma ba zai lotsa da sauƙi ba. A jikinta akwai wani harafin daban da ke nuna ƙarfinta: C daidai yake da abin da masu taya ke kira filai shida, D takwas, E goma. Wannan lissafin ƙarfi ne kawai, ba wai in ka yanka za ka ƙirga shimfiɗa goma ba.

Bari mu karanta guda ɗaya tare. A ce an rubuta 265/65R17 112T. Lamba 265 faɗin tayar ne a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, 17 kuma girman rim ne a inci. Lamba 112 ita ce mutane ke tsallakewa, alhali ita ce ke gaya maka taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120. Idan 116 ce, kilo 1,250. Idan 120 ce, kilo 1,400. Harafin ƙarshe na gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Kada ka sauka ƙasa da lambar nauyin da kamfanin motarka ya rubuta a takardar da ke manne jikin ƙofar direba. Kada kuma ka ɗauka taya mai 120 ta mai da Hilux tirela. Motar nan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ko kusa da haka ba, wato buhu goma masu kilo ɗari-ɗari har da kai da yaron mota. Na san babu mai tsayawa a goma ranar kasuwar aya, ni ma ba na tsayawa, amma aƙalla mu san cewa sifirin da birki ne ke biyan bashin.

Mai LT tana da nata farashin ban da na saye. Tana da tauri, don haka a kan gargadar marmara za ka ji kowane tudu a ƙugunka, musamman in bayan mota babu kaya. Tana ƙara shan mai kaɗan. Tana kuma son iska fiye da mai laushi kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Ga Prado da ke ɗaukar iyali, filai shida ko takwas sun isa. Filai goma na masu lodi ne da masu shiga Dakoro zuwa Bermo.

Game da sunaye, BFGoodrich All-Terrain ita ce kowa ya sani, mai farin rubutu a gefe. Kamfanin na Amurka ne, yana hannun Michelin tun 1990, kuma shi ya fito da wannan nau'in tun 1976. Samfurin KO2 ya fito a 2014, KO3 ya biyo baya a 2024. Kaurin gefenta ne ya yi mata suna, kuma a gani na in jeji ya fi yawa a aikinka, ita ce ma'aunin da za ka gwada saura da shi. Tana da nauyi, tana da tsada. Toyo Open Country A/T, Falken Wildpeak da Cooper Discoverer AT3 duk suna da masu LT da za su yi gogayya da ita. Yokohama Geolandar G015, Bridgestone Dueler A/T, Michelin LTX Force da Dunlop Grandtrek, wadda Toyota ke yawan fito da motocinta da ita, sun fi karkata wajen kwalta: shiru, laushi, birki mai kyau a ruwa. Maxxis ta Taiwan na tsakiya a kuɗi, kuma direbobi da yawa sun gamsu da ita. Ba kullum za ka samu girman da kake so a cikin gari ba, wani lokaci sai an aiko daga Yamai ko Kano, don haka kada ka jira sai taya ta fashe kafin ka fara nema.

Sai ƴan Sin, irin su Triangle, Linglong, Sailun da Westlake, waɗanda su ne suka cika kasuwa. An ce araha ba ta ado, amma ban yarda a yi musu kuɗin goro ba. Waɗannan da na ambata manyan masana'antu ne masu sayarwa a duniya. Abin gudu shi ne sunan da ba ka taɓa ji ba, wanda mai shagon ma ba zai sake kawo irinsa ba bayan wata shida. Idan aljihu bai kai ba, sabuwar ƴar Sin mai LT, sananniya, ta fi mini tsohuwar Bature komai sunanta.

Tsofaffin da ake kawowa daga Turai ta tashoshin ruwa kuwa, a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Sau da yawa gefe ɗaya ne ke da su, sai ka sa a juya maka. Michelin da kanta tana cewa taya in ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. To wannan lissafin bai san rumfar kwano a Maraɗi ba, inda zafi ke haura digiri 40 a bazara. Ko sabuwa ce a leda, in ta shekara uku a shago ka nemi ragi ko ka wuce.

Akwai wani tarkon kuma. Da yawa daga tayoyin da Turawa ke zubarwa na hunturu ne, an yi su da roba mai laushi don ƙanƙara. Zanensu na da zurfi, suna da kyau a ido, amma a kan kwaltarmu gogewa suke kamar sabulu. Za ka gane su da ƴan siraran tsage-tsage masu yawa a kan kowane haƙori, wasu ma da ramukan da aka cire ƙusoshi. Blizzak, Alpin, Hakkapeliitta duk sunayen na hunturu ne. Alamar dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki ita kaɗai ba laifi ba ce, don A/T da yawa suna da ita. Ka kuma duba ko an sassaƙa zanen da wuƙa mai zafi: ramin zai yi santsi, kuma ƴan tudun da ke ƙasan rami, masu nuna taya ta kai milimita 1.6 ta ƙare, za ka ga babu su. Tura hannu ciki ka shafa ko'ina. Faci a tsakiya ana iya haƙuri da shi, a gefe ko kafaɗa a'a.

Samari na son ƙara girma don mota ta yi kwarjini. Daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 tsayin taya na ƙaruwa da kusan milimita 27. Cikin mota zai ɗan ɗaga, wanda ke da amfani a rairayi, amma agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya: yana nuna 100 kana kan 103. In ka wuce haka, sai gugar jiki idan ka karya sitiyari, ga mutuwar ƙarfi a hawa. Abin da ya fi wannan amfani shi ne kada ka bi manyan rim. Rim 16 ko 17 da doguwar roba ya fi 20 da siririyar roba a hanyoyinmu nesa ba kusa ba. Shi ya sa tsofaffin direbobin Land Cruiser fikof har yau ba su rabu da siririyar 7.50R16 mai tib ba: doguwa ce, gefenta a miƙe yake bai fito yana neman kututture ba, kuma kowane mai faci a kowace tasha ya san yadda zai yi da ita.

Ko wace ka saya, iska ce za ta raya ta ko ta kashe ta. A auna da safe kafin mota ta motsa. Idan ka tsaya a Gidan Rumji da rana tsaka ka ga ma'auni ya hau, kada ka bari a sace maka iskar, zafi ne, za ta sauka da kanta. Taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta tarwatse. A rairayi mai zurfi rage ta zuwa wajen kilo ɗaya da rabi a ma'aunin iska yana sa mota ta taka sama-sama, a tafi a hankali, amma da ka hau kwalta a mayar. Wanda ba shi da ɗan famfo mai aiki da batirin mota bai gama sayen taya ba.

Motocin da ƙafafunsu huɗu ke ja kullum, irin Prado da babbar Land Cruiser, ba sa son a haɗa musu girma daban-daban ko sabuwa da suɗaɗɗiya, don wahalar tana komawa kan giya. A sa huɗu iri ɗaya, a riƙa sauya musu wuri duk bayan kilomita 10,000 ko kusa da haka. Idan biyu kawai za ka iya saye, su zama a layi ɗaya, kuma a baya.

Ni dai bayan abin da ya same ni, biyar na saya masu LT, filai takwas, har da safaya. Mai shagon ya so ya haɗa mini da guda ɗaya da ta girmi sauran da shekara uku, wai ai ta ajiya ce. Na ce ya mai da ita. Da ya ga na duƙa ina karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, sai ya yi dariya ya ce wa yaronsa, "Kai, shiga ciki ka ɗauko wa Alhaji ta jiya."