Roosevelt ko Wilson: Wanne Za Ka Ɗauka a Bincikenka?

Ɗaliban tarihi sun sha tambaya: tsakanin tsofaffin shugabannin Amurka Theodore Roosevelt da Woodrow Wilson, wa ya kamata a rubuta aikin kammala karatu a kansa?

Roosevelt ya fi sauƙin kamawa. Ya hau mulki a 1901 yana ɗan shekara 42, bayan an harbe Shugaba William McKinley, ya sauka a 1909. Ayyukansa a fili suke: rusa kamfanin jiragen ƙasa na Northern Securities a 1904, fara haƙa mashigin Panama, dokar tsabtar abinci da magunguna ta 1906. Sai dai a kula, da yawa suna cakuɗa shi da Franklin Roosevelt wanda ya hau a 1933, kuma wannan kuskure kaɗai ya isa ya ɓata babi guda.

Wilson, daga 1913 zuwa 1921, aiki ne ja. Dole ka san Yaƙin Duniya na Farko, manufofinsa 14 na samar da zaman lafiya da ya gabatar a Janairun 1918, da dalilin da ya sa majalisar dattawa ta ƙi yarjejeniyar zaman lafiya ta Versailles, har Amurka ba ta shiga Ƙungiyar Ƙasashe (League of Nations) da shi ya assasa ba. Kada ka tsallake wariyar launin fata da aka ƙarfafa a ofisoshin gwamnatinsa. Abin takaici ne, amma tarihi ne. Ribar nazarinsa kuwa, ya shafi Afirka: ƙarƙashin wannan ƙungiya aka damƙa Kamaru ga Ingila da Faransa.

Mai ƙarancin lokaci, ko mai sha'awar tattalin arziki, Roosevelt ya dace da shi. Mai son hulɗar ƙasa da ƙasa, ya rungumi Wilson.