Taswirar tsokokin jiki da ake sayarwa a Yamai: amfaninta da gazawarta

Ɗaliban aikin jinya da masu gyaran gaɓoɓi a Yamai sun san babbar taswirar bango mai nuna tsokokin jikin ɗan Adam gaba da baya, wadda ake samu a shagunan littattafai na kusa da Babbar Kasuwa. Na yi aiki da ita wajen koyarwa, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta.

Jikin mutum yana da tsokoki fiye da 600 masu motsa ƙashi, kuma taswirar ta nuna waɗanda ke kusa da fata sarai. Abin da ya fi burge ni shi ne zanen dantse, inda aka fito da ƙwanjin gaba mai naɗe gwiwar hannu da tsokar baya mai kai uku wadda ke miƙe ta, har ɗalibi ya gane da idonsa cewa tsoka ja take yi, ba ta turawa, shi ya sa suke aiki bibbiyu, ɗaya na ja ɗaya na saki. Haka nan tsoka mai kai huɗu ta gaban cinya, mai miƙe gwiwa, da agarar da ke haɗa sha-raɓa da ƙashin diddige, duk sun fito da kyau.

Gazawarta tana damuna ƙwarai. Tsokokin da ke can ciki ba su fito ba, har da tantanin da ke ƙarƙashin huhu wanda numfashi ya dogara da shi. Rubutun Faransancin kuma ƙanana ne, sai mutum ya matso dab da bango. Takardar ba ta jure ƙurar hunturu, don haka wanda ya saya ya sa a lulluɓe masa ita da leda kafin ya rataye.