Ɗumama Gida a Hunturun Birtaniya: Wane Tsari Ya Fi Sauƙi ga Aljihu?

Ɗalibai da ma'aikatan jinya da ke sauka Birtaniya a watan Satumba sukan lissafa kuɗin haya, su lissafa na abinci da na bas, su manta da kuɗin ɗumi. Sai Disamba ta kama, rana ta riƙa faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, bango ya yi sanyi ƙalau, sannan bil ya zo ya tayar da hankali. Rabin wannan matsala tun ranar da aka sa hannu a takardar haya ake yanke ta, don haka daga nan ya kamata mai neman gida ya fara.

Kafin ka tambayi ɗakuna nawa ne, tambayi da me ake ɗumama gidan. Yawancin gidajen ƙasar suna da boila mai aiki da gas, ta ɗumama ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa radiyeto, ƙarfen da ke sakin ɗumi a kowane ɗaki. Wasu gidajen, musamman na bene a tsakiyar gari, lantarki zalla ne. Daga Oktoba zuwa Disamba 2024, farashin da Ofgem, hukumar da ke kula da harkar wuta da gas, ta ƙayyade ya kai kusan fens 24.5 a kan yunit ɗaya na lantarki, na gas kuwa fens 6 da ɗoriya. Alkaluman suna sauyawa duk wata uku, a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, amma tazarar tana nan kusan ninki huɗu. Gidan da hayarsa ta ɗan fi araha amma hita ce ta lantarki a kowane bango, abin da ka rage a haya zai fita ta mita. Duba kuma takardar EPC, wadda ke auna yadda gida ke riƙe zafi daga A zuwa G. A Ingila da Wales doka ta hana ba da hayar gidan da ya gaza E, sai dai E ɗin ma ba abin alfahari ba ne. In ka samu C, ka yi dace.

Akwai gidajen lantarki masu hita mai ajiyar zafi, wata ƙatuwar akwati ce a jikin bango cike da tubali. Ana haɗa ta da tsarin Economy 7, inda wuta ke araha na awa bakwai cikin dare, da rana kuma ta fi tsada. Tsofaffin suna da maɓalli biyu a sama: ɗaya na yawan zafin da za ta tara da dare, ɗaya na yawan wanda za ta saki. Wanda bai sani ba yakan bar na biyun a buɗe, zafi ya ƙare kafin la'asar alhali babu kowa a gida, ya dawo da magariba ya tarar da ita ta huce, sai ya jona ƙaramar hita a kan farashin rana. A rufe na sakin kafin kwanciya da kafin fita, a buɗe da yamma. Ga wanda ke yini a gida tsarin ba laifi, amma wanda ke fita tun asuba ba zai more shi sosai ba.

Sai yadda za a biya, kuma hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce Direct Debit, kamfani ya ƙiyasta abin da za ka sha a shekara, ya raba gida 12, ya riƙa cira daga asusunka kowane wata. Kamar rumbu take: rarar da ta taru daga Mayu zuwa Satumba ita ake ci a Janairu. Ga mai albashi ni ita na fi so, domin ka san abin da zai fita. Matsalarta ga sabon zuwa ita ce wanda ya shiga gida a Oktoba bai tara komai ba, don haka kafin Maris zai ga asusunsa na kamfanin yana nuna bashi, wani lokacin kuma su ɗaga kuɗin watan. Ba zamba ba ce, amma kada ka bar su da ƙiyasi. In mitarka ba mai aika lamba da kanta ba ce, karanta ta ka tura musu kowane wata. Ranar da ka karɓi makulli kuma, kafin ka ajiye jaka, ɗauki hoton mitar gas da ta wuta, don kada a ɗora maka abin da na gabanka ya sha.

Ta biyu, a jira bil ya zo sannan a biya. Ita ce mafi tsada a ƙarƙashin farashin Ofgem, kuma tana tara maka nauyin hunturu wuri guda. Ban ga dalilin zaɓenta ba.

Ta uku mun santa tun daga gida: mita mai kati, ka saya kafin ka sha. Ana loda ta a waya, ko a kai kati ko ɗan makullin roba shagon da ke da alamar PayPoint ko Payzone. A da ta fi tsada, amma tun Yuli 2023 aka cire wannan ƙarin. Tana burge mutanenmu saboda ba a bin ka bashi kuma kana ganin kuɗinka na tafiya. Sai dai duk nauyin yana faɗowa a wata huɗu, abin da kake lodawa a Janairu ya ninka na Yuli nesa ba kusa ba. Ga kuma kuɗin tsaye da ake cira kullum ko ka kunna ko ba ka kunna ba. A ƙarshen 2024 ya kai kusan fens 61 na lantarki da fens 32 na gas a rana, wato wajen fam 28 a wata kafin ka ɗumama ko da ruwan alwala. Wanda ya tafi Najeriya hutun bazara ya bar mitar gas babu ko sisi zai dawo ya loda fam 20, mita ta fara cire bashinta. Akwai ɗan rancen gaggawa da mitar ke bayarwa in kuɗi ya ƙare cikin dare, shi ma za a cire a lodi na gaba. Gida mai jariri ko tsoho ko mara lafiya, ban ba da shawarar wannan mita ba.

Mutane da yawa suna zaton farashin Ofgem iyaka ce ga bil. Fam 1,717 da aka yi ta ambata a Oktoba 2024 lissafin matsakaicin gida ne, mai shan yunit 11,500 na gas da 2,700 na lantarki a shekara. Abin da aka ƙayyade kuɗin yunit ne da kuɗin tsaye, in ka sha da yawa ka biya da yawa. Kana iya kulle farashi na shekara guda da kamfani. Kwatanta kuɗin yunit ɗin da na Ofgem, ka duba tarar ficewa, musamman in hayarka ta wata shida ce. A kwana 49 na ƙarshen kwantiragi ana fita ba tara.

Kan lokacin kunnawa, tsohuwar gardama ce: a bar ɗumi yana aiki a hankali yini guda, ko a kunna lokacin buƙata? Energy Saving Trust, ƙungiya mai ba da shawara kan tattalin makamashi, ta ce ga yawancin gidaje masu boila na biyun ya fi araha. Saita agogon boila ta tashi rabin awa kafin ku farka sallar asuba, ta mutu rabin awa kafin kowa ya fita, domin radiyeto yana jimawa da ɗumi. Ta sake tashi kafin yara su dawo makaranta, ta mutu kafin kwanciya. Mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi sai ya juya jadawalin. Hukumomin lafiya sun ce kada ɗakin zama ya gaza digiri 18, yawanci 18 zuwa 21 ya wadatar. Mu da muka taso a zafin Sakkwato ko Maraɗi hannunmu yakan kai 25, mu zauna da singileti. Sa rigar sanyi da safa ya fi sauƙi. Murɗa ma'aunin saita zafin gida zuwa 30 kuma ba ya sa ɗaki saurin ɗumi, yana hana boilar tsayawa ne kawai. A ɗakin da ba a shiga, mayar da maɓallin radiyeto kan 1 ko 2, kada a kashe gaba ɗaya.

Ƙaramar hita mai fanka tana da arahar saye, amma mai ƙarfin kilowat 2 tana cin kusan fens 50 a awa a farashin ƙarshen 2024. Awa shida kullum fam 3 ke nan, fam 90 a wata, ɗaki ɗaya tal. Hitar da ke da mai a cikinta ba ta fi ta tattali ba, zafinta ne ke jimawa. Bargon lantarki kuwa 'yan fens yake ci a awa, shi ne sayayyar da ta fi riba ga ɗalibi mai ɗaki guda.

Tsimin da ya wuce gona da iri shi ma yana da farashi. Gida mai sanyi, taga a rufe, ana tuƙa tuwo ana shanya wanki a kan radiyeto, sai tururi ya kwanta a bango baƙin fumfuna ta fito a kusurwa da bayan kabad. Ita ce ta yi ajalin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, a Rochdale a Disamba 2020. A riƙa buɗe taga na 'yan mintuna bayan girki da wanka, in ta fito kuma a sanar da mai gidan a rubuce. Kaskon gawayi da muke jin ɗumi da shi a tsakar gida kada ya shiga ɗaki a can ko da wasa: gidajen a toshe suke, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Dole mai gida ya sa injiniya mai rajistar Gas Safe ya duba boila kowace shekara ya ba ka takardar, ka nema in bai bayar ba.

Wanda ya nufi Ireland ta Arewa lissafinsa daban ne. Farashin Ofgem bai shafe ta ba, kuma gidaje da yawa da man tanki suke ɗumi, ana sayensa a dunƙule, sau da yawa lita 500 a lokaci guda. Gara a cika tanki kafin sanyi ya shigo.

Tallafin Warm Home Discount na fam 150 yawanci yana bin waɗanda ke karɓar agajin gwamnati ne, abin da bizar karatu ko ta aiki ba ta yarda da shi ba, don haka kada ka sa shi a lissafi. In bil ya fi ƙarfinka, kira kamfanin tun kafin bashi ya taru. Ƙa'idar Ofgem ta wajabta musu su tsara maka biya daidai ƙarfinka, ofishin Citizens Advice kuma yana taimakawa kyauta.