Sayayyar hunturu a Birtaniya: fitilar haske, na'urar tsotse danshi, da kayan tsaftar da ba sa shaƙe mutum

A Landan, ranar 21 ga Disamba, rana kan fito da misalin ƙarfe 8 na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. A Gilasgo yinin awa 7 ne kacal. Wanda ya taso a Kano ko Damagaram, inda yini ba ya gaza awa 11 ko da tsakiyar hunturu, jikinsa kan ji wannan sauyi sosai: kasala, yawan barcin da ba ya wartsakarwa, kwaɗayin burodi da kayan zaƙi, da ƙuncin rai maras dalili. Gidan ma yana nasa ciwon. An rufe tagogi saboda sanyi, raɓa na tsiyaya a jikin gilashi, baƙar fumfuna ta fara tsirowa a bayan kabad. Kantuna sun cika da kayan da ake cewa maganin matsalolin biyu ne, kuma albashin ɗalibi ko mai aikin kula da tsofaffi ba zai saye su duka ba. In za a kashe kuɗi, haske ne ya cancanci kaso mafi tsoka, danshi ya biyo baya. Kayan goge-goge su ne mafi araha, muddin ba a biye wa kwalaben da aka rubuta wa "na gargajiya" aka ninka musu farashi ba.

Fitila: wace iri?

Likitoci sun san wannan damuwa mai zuwa da kaka ta tafi da bazara. Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka ne suka fayyace ta a 1984, kuma tun a lokacin suka gwada maganinta da haske mai ƙarfi. Ana auna ƙarfin haske da ma'aunin laks. Ɗaki mai kwan lantarki na yau da kullum ba ya wuce laks 100 zuwa 500. A waje, ko da gari ya yi hadari, akan samu 1,000 ko fiye. Fitilar magani ana so ta ba da 10,000, a zauna gabanta minti 20 zuwa 30 da safe, cikin awa ɗaya da tashi daga barci.

A nan ne masu saye suka fi faɗawa rami. Kusan kowace fitila a intanet an rubuta mata 10,000, amma lambar ba ta da ma'ana sai an faɗi tazarar da aka auna ta. Ƙaramar fitila mai faɗin tafin hannu tana iya ba da wannan adadi a nisan santimita 10 ko 12 daga ido, kuma babu mai iya shan shayi fuskarsa manne da fitila. Da an ninka tazarar, hasken da ke isa ido kan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wato wanda ya aje ta can ƙarshen tebur yana samun laks 2,500 ko ƙasa da haka, kuma a wannan mataki sai ya zauna kusan awa biyu kafin ya samu abin da rabin awa zai ba shi. Saboda haka a nemi mai faɗin fuska, kamar girman takardar A4 ko fiye, wadda kamfanin ya rubuta ƙarara cewa tana ba da 10,000 a santimita 25 zuwa 35. Wadda ba a faɗi tazararta ba, a bar ta a kanti. A kuma tabbatar tana tace hasken UV, wato hasken nan da ido ba ya gani mai ƙona fata, kuma an yi mata rajista a matsayin na'urar kiwon lafiya. Fitilun da ake yi don ciwon fata ko don gasa fata suna fitar da UV da gangan, suna lalata ido, ba su da alaƙa da wannan aiki. Kamfanonin da suka daɗe a harkar, irin su Lumie na Ingila da Beurer na Jamus, sukan buga tazarar a jikin kwali.

Ana aje ta a gefe, ta ɗan fi ido tsawo, ido a buɗe amma ba a ƙura mata shi. Ga mai tashi sallar asuba, tsarin ya zo daidai: a Disamba akwai kusan awa biyu na duhu tsakanin asuba da fitowar rana, kuma nan ne lokacin karatu ko karin kumallo a gaban fitilar. Kunna ta da dare kuskure ne, domin tana hana jiki sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, sai mutum ya kwana ido biyu. Waɗanda take yi wa amfani sukan ga sauyi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ciwon kai, gajiyar ido ko tashin zuciya a kwanakin farko alama ce ta a rage lokaci zuwa minti 10, ko a matsar da ita baya kaɗan. Mai ciwon ido na ciki, mai ciwon sukarin da ya taɓa ido, mai shan maganin da ke sa fata jin zafin haske irin doksisaikilin, da mai lalurar da ke kai mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa, kada ɗayansu ya fara sai da izinin likita. A na ƙarshen, hasken kan iya tayar da zumuɗin.

Akwai kuma agogon da ke kwaikwayon ketowar alfijir, yana ƙara haske sannu a hankali cikin rabin awa kafin ƙararrawa. Haskensa 'yan ɗaruruwan laks ne kawai. Yana taimakon wanda babbar matsalarsa ita ce ɓamɓaruwa daga gado, amma ba ya maye gurbin babbar fitila. Mai kuɗin abu ɗaya ya sayi fitilar. Wanda ba shi da kuɗin ko ɗaya, tafiyar rabin awa a waje kafin azahar tana ba shi hasken da ya ninka na falo sau da yawa, ko da rana ba ta leƙo ba.

Bitamin D labarinsa daban. Hukumar lafiya ta NHS na shawartar kowa ya sha maikirogiram 10 a rana, wato IU 400 a ɗaya ma'aunin da akan rubuta a jikin kwalba, daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata kuma su duba yiwuwar sha duk shekara, tunda fatarmu na buƙatar rana fiye da ta Bature kafin ta sarrafa shi. Don ƙashi da tsoka ake shan sa. Ba a tabbatar yana warkar da damuwar hunturu ba. Babba kada ya wuce maikirogiram 100 a rana sai da umarnin likita. Mai araha na kantin magani daidai yake da mai tsada. Abin dubawa kawai shi ne kwanson: masu taushin nan sau da yawa da jelatin ake yin su, wanda kan iya zama na alade, don haka ƙwaya busasshiya, ko na ɗigawa, ko mai tambarin halal ya fi kwanciyar hankali. Ganyen St John's wort da ake tallatawa don damuwa kuwa a yi hattara da shi ƙwarai: yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da maganin tsinka jini na warfarin, kuma haɗa shi da magungunan damuwa na asibiti na da haɗari. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu yana hana aiki ko karatu, wurin likitan unguwa za a nufa, domin akwai jinya ta tattaunawa da kuma magani. Wanda tunanin cutar da kansa ya zo masa ya kira 116 123, layin ƙungiyar Samaritans mai sauraron masu damuwa, ko 999, lambar agajin gaggawa, a take, ko cikin dare ne.

Danshi kafin sabulu

Goge fumfuna ba tare da an busar da ɗaki ba wahalar banza ce, mako uku ta dawo. Sayayya ta farko ita ce 'yar na'urar auna laimar iska, wadda ba ta kai fam 10 ba. Ana so ta nuna tsakanin kashi 40 da 60. In ta daɗe sama da 70, fumfuna ta samu gida. Shanya wanki ɗaya a cikin ɗaki na sakin kusan lita 2 ta ruwa a iska, ban da tururin tuwo da na wanka.

Na'urar tsotse danshi iri biyu ce. Mai kwamfuresa tana aiki kamar firji, ba ta cin wuta sosai, amma ƙarfinta kan faɗi idan ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 15, domin ƙanƙara na kama bututunta. Ɗaya irin kuwa wani faifai ne mai shan laima a cikinta, tana aiki ko a ɗaki mai tsananin sanyi, tana ma fitar da iska mai ɗumi, sai dai tana cin wuta ninki biyu ko uku. Ɗakin da ake ɗumamawa zuwa digiri 18 ko fiye, mai kwamfuresa ta fi riba. Litar da aka rubuta a kwalinta, 12 ko 20 a rana, an auna ta ne a digiri 30 da laima kashi 80. A gidan Ingila rabin haka ma sa'a ce. Robobin nan masu gishiri a ciki na kabad ne kawai, ba sa busar da ɗaki.

Idan fumfunar ta kai faɗin murabba'in mita ɗaya, ko bango na jiƙewa daga waje, aikin mai gida ne, a sanar da shi a rubuce da hotuna. A Disamba 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a Rochdale sakamakon shaƙar fumfuna a gidan haya, kuma dokar da ke ɗauke da sunansa yanzu ta ɗora wa masu gidajen gwamnati da na ƙungiyoyi a Ingila wa'adin bincike da gyara.

Kayan tsafta huɗu, kowanne da aikinsa

A gidan da tagogi ke rufe, ƙaurin kayan feshi masu ƙarfi na daɗewa a iska, yana tayar da asma da ciwon kai. Abubuwa huɗu masu araha sun isa yawancin aiki, in an san wanne ke cin wane datti. Masu tsami suna narkar da farin ɓawon da ruwan famfo ke bari. Masu kanwa-kanwa suna narkar da maiƙo.

Farin ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 ya dace da gilashi da famfo. A haɗa shi rabi da rabi da ruwa, a wanke tagogi ciki da waje tun Oktoba, a kuma zuge labule har ƙarshe kowace safiya, don hasken da ake da shi kaɗan ne. Ga ƙaramar fumfuna a kan fenti ko tayil, a fesa shi zalla, a bari awa ɗaya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma a jefar. Kankare ta a bushe yana watsa ƙwayoyinta cikin iska. Baƙin da ya shige cikin robar gefen baho khal ba ya fitar da shi, sai a ɓanɓare robar a sa sabuwa. Kada a kusantar da shi ga mabul ko dutsen ado, yana cinye ƙyallinsu har abada. Kuma bai kai matsayin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba: katakon da aka yanka ɗanyar kaza a kai yana buƙatar ruwan zafi da sabulu, sannan maganin da aka yi don haka.

Sitirik asid, garin nan mai tsami da masu zoɓo ke kira ɗan tsami, ya fi khal ƙarfi a kan ɓawon buta, kuma ba shi da wari. Ruwan Landan da kudu maso gabashin Ingila na da yawan alli, don haka a can ya cancanci kuɗinsa. A tafasa rabin buta, a kashe, a zuba babban cokali 2, a bari minti 20, a ɗauraye sau biyu.

Bekin soda na kankare datti a hankali ba tare da karce ba, kuma yana shanye wari. Cokali 3 da cokali 1 na ruwa ya ba da kwaɓin goge murhu da wurin wanke-wanke. Haɗa shi da khal, wanda bidiyoyin intanet suka yayata, asara ce: kumfar iskar kabon ce kawai, ɗaya ya kashe ƙarfin ɗaya, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. A yi amfani da su ɗaya bayan ɗaya.

Sodar wanki, wadda ake sayarwa a leda kamar ta Dri-Pak, 'yar'uwar kanwa ce ta fuskar sinadari, kuma ita ce maganin maiƙon manja da na suya. Giram 100 a rabin litar ruwan zafi ya isa, da safar hannu, domin tana busar da fata har ta tsage. Tana baƙanta alminiyam, kuma ragar na'urar zuƙe hayaƙin murhu galibi da shi aka yi ta, don haka a duba kafin a jiƙa. Sabulun salo ko kowane sabulun mai na goge ƙasa da kyau, amma in ya haɗu da khal sai ya tsinke ya bar maiƙo.

Bilic, irin su Hypo da Jik da aka sani a gida, kada ya taɓa haɗuwa da khal, ɗan tsami, lemon tsami ko abin da ke da amoniya. Haɗin na fitar da iska mai guba, kuma a banɗakin da ba taga, numfashi kaɗan ya isa ya kai mutum asibiti.

Man ƙamshi na lemo ko labanda yana daɗaɗa ɗaki, iyakarsa ke nan, wasunsu ma guba ne ga kyanwa. Turaren wuta kuwa ba a raba Bahaushiya da shi, kuma ƙamshin gida na sanyaya zuciya a baƙuwar ƙasa, amma a sayi kaskon lantarki, a ɗan buɗe taga. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma alamunta na farko, ciwon kai da jiri da kasala, suna kama da gajiyar hunturu. A sayi ƙararrawar gano ta mai lambar EN 50291, a kafa ta tsakanin mita 1 zuwa 3 daga tukunyar ɗumama gida, a riƙa danna maɓallin gwajinta kowane wata.